3.4 Kalmomin Gudu da Tserewa a Hausar Dutsin-Ma da Kurfi

A wannan sashe za a duba kalmomin da ake amfani da su a wannan yanki wajen bayyana mutumin da ya gudu. Abin lura shi ne, kalmar da aka zaɓa takan yanke wa mai gudun hukunci, ko da mai magana bai nufi haka ba.

Aikatau 'gudu' shi ne gama-gari, ba ya nuna laifi ko rashinsa. Shi kuwa 'tsere' yana nuna cewa akwai wanda ke riƙe da mutum ko yake bin sa. Alal misali, da aka sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020, an bambanta waɗanda suka 'tsere' da waɗanda aka 'sako'. Amma 'arce' yawanci da zargi yake tafiya. Dubi waɗannan jimloli:

(a) Ya tsere ma ɓarayin daji.
(b) Ya arce da kuɗin adashi.

A (a) an yi amfani da 'ma' a gurbin 'wa', kamar yadda Katsinanci ya gada.

Ta fuskar nahawu, Parsons (1960) ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, kuma giredi na shida, mai ƙarewa da '-o', shi ne ke nuna motsi zuwa wajen mai magana. Saboda haka mutumin Dutsin-Ma da ya sauki 'yan'uwansa daga ƙauyukan Safana ko Batsari zai ce "sun gudo", alhali wanda suka baro a ƙauyen cewa zai yi "sun gudu". Wasali ɗaya ke nan ya raba mai masauki da wanda aka bari.

Daga 'gudu' ake samun sifar 'gudajje' (gudajjiya, gudaddu), inda 'd' ta koma 'j' a gaban wasalin 'e'. An fi jin ta a 'gudajjen bawa', don haka cin fuska ce a kira mutum da ita. Akasin wannan ita ce 'ɗan gudun hijira'. 'Hijira' kalmar Larabci ce mai daraja, da ita ake kiran ƙaurar da Shehu Usmanu ya yi daga Degel zuwa Gudu a 1804. A ganin mai wannan nazari, wannan daraja ce ta sa aka fi jingina ta ga manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa.