Ƙaho, Kofato da Sawu: Yadda Ake Gane Namun Daji a Yankari

Ɗaliban da suka je yawon buɗe ido a gandun dajin Yankari, a Jihar Bauci, sukan dawo da labarin giwa da gwaggon biri da ruwan Wikki. Idan aka tambaye su sauran dabbobin da suka gani, galibi amsar ita ce “barewa”. Gwanki barewa, kanki barewa, mazo ma barewa. Alhali kuwa barewa ta ainihi tana cikin dabbobin da aka daɗe da daina gani a wannan daji. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Gane dabba ilmi ne mai ƙa'ida, kuma a kansa ƙidayar namun daji ta dogara. Wanda bai bambance kanki da gwanki ba, ba zai lura ba ranar da ɗayansu ya ƙare.

Wuri da lokaci

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan aka mayar da shi hannun gwamnatin Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244, kuma kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina akwai shi, don haka dabbobi sukan watsu. Da rani, tun daga Janairu har zuwa Afrilu, ƙishirwa takan tattaro su bakin Gaji. Wannan shi ne lokacin kallo, musamman da sassafe da kuma la'asar sakaliya.

Dabbar daji ba ta tsayawa a ƙare mata kallo. Sau da yawa daƙiƙoƙi kaɗan mai kallo yake samu kafin ta shige duhuwa. Saboda haka masana ilmin halittu sukan bi tsari: a fara da girma da surar jiki, a duba ƙaho da kunne, sannan zanen fuska da na gindi. Launi shi ne na ƙarshe, domin ƙura da taɓo da hasken rana duk suna sauya shi.

Abin da ƙaho yake faɗa

Ɓauna da gwanki da kanki da gada duk dangi ɗaya ne da saniya da akuya. Suna da rababben kofato, suna tuƙa, kuma ƙahonsu ƙashi ne daga ciki, an lulluɓe shi da irin sinadarin da yake yin farce da gashi. Wannan ƙaho ba ya reshe, ba ya kuma zubewa a sake wani, don haka alama ce tabbatacciya.

Gwanki, wanda masana suke kira Hippotragus equinus, shi ne babba a cikin masu kama da barewa a Yankari. Tsayinsa a kafaɗa yakan kai kusan mita ɗaya da rabi, nauyinsa kuma yakan haura kilo 250. Ƙahonsa mai gaɓa-gaɓa ne, ya lanƙwasa zuwa baya kamar lauje. Fuskarsa baƙi da fari ce, kunnuwansa dogaye masu tuntun gashi a tsini, ga geza a tsaye a bayan wuya kamar ta doki.

Kanki kuwa ana gane shi ko daga nesa. Fuskarsa doguwa ce siririya, kafaɗarsa ta fi ƙugunsa tudu, har bayansa ya yi gangare. Ƙahonninsa biyu sun tsiro daga tushe ɗaya a ƙoluwar kai, suka buɗe, sannan tsininsu ya karya zuwa baya.

Gwambaza ba ya nisa da ruwa. Gashinsa mai kauri ne buzu-buzu, mai maiƙo da wari, gindinsa fari. Ƙahonsa dogo ne, tsininsa yana kallon gaba, wato akasin na gwanki. Mazo ƙarami ne a kansu, ja mai fararen zane da ɗigo-ɗigo a jiki, ƙahonsa a murɗe. Yakan zauna shi kaɗai a cikin duhuwar bakin rafi, kuma idan ya tsorata yakan yi haushi kamar kare.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙaƙa aiki. A wajen ɓauna da gwanki da kanki, namiji da mace duk suna da ƙaho. A wajen gwambaza da mazo da batsiya, namiji ne kaɗai yake da shi. Ke nan idan aka ga garken manyan dabbobi a bakin ruwa, akasarinsu ba ƙaho, to ba gwanki ba ne, ba kanki ba ne. A duba gindi, za a tarar matan gwambaza ne.

Birai da mugun dawa

Birai iri uku aka fi gani. Gwaggon biri, wanda wasu suke kira bika, yana da dogon baki irin na kare, wutsiyarsa kuma takan miƙe sama kaɗan ta faɗo kamar an karya ta. Shi ne yake addabar baƙi a masaukin Wikki da wawurar abinci. Jan biri siriri ne mai dogayen ƙafafu, ya fi son fili, kuma babu birin da ya kai shi gudu a ƙasa. Kirka tana da baƙar fuska da farin layi a goshi, ta fi zama kusa da itatuwan bakin ruwa. Gadu, wato mugun dawa, alamarsa biyu ce: yakan durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana kiwo, idan kuma ya ruga yakan ɗaga wutsiya tsaye cak.

Dabbar da ba a gani ba

Masu cin nama sun fi yawo da dare, don haka sawu da kashi su ne shaidarsu. Zaki da damisa dangin kyanwa ne, sukan janye faratansu ciki idan suna tafiya, saboda haka sawunsu ba ya nuna farce, kuma bayan tafin ƙafar yana da lanƙwasa uku. Sawun kura yana nuna farce, lanƙwasar tafinsa biyu ce, kuma na ƙafar gaba ya fi na baya girma. Kashin kura idan ya bushe yakan yi fari fat kamar alli, saboda yawan ƙashin da take taunawa. Ita ma kurar iri biyu ce: mai dabbare-dabbare da gajerun kunnuwa kewayayyu, da kuma sayaki mai zane-zane da kunnuwa masu tsini.

Sawun giwa, wanda aka ce ya taka na raƙumi, har awo ake yi da shi. Idan aka auna kewayen sawun ƙafar gaba aka ninka biyu, za a sami kimanin tsayin giwar a kafaɗa. Dorina tana da yatsu huɗu, kuma hanyar da take bi daga ruwa zuwa wurin kiwo da dare takan zama layi biyu da tudu a tsakani. Sanin wannan hanya kariya ce, domin shiga tsakanin dorina da ruwa ganganci ne. Haka nan tsohon ɓaunan da ya ware daga garke abin gudu ne. Shi ya sa ba a shiga dajin sai da ma'aikacin gandu.

Daga jinsi zuwa ɗaiɗaiku

Masu bincike sukan wuce sanin jinsi, su gane kowace dabba ita kaɗai. Ana bambance giwaye ta yagewar kunne da surar haure. Ana bambance zakuna ta jerin ɗigon da gashin bakinsu yake tsirowa a kai, domin ba ya sauyawa har mutuwa. Ta haka ake kauce wa ƙidaya dabba ɗaya sau biyu.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba. A Nijeriya wurare biyu kawai ya same su: Yankari da gandun dajin tafkin Kainji. Nazarin ƙwayoyin gado ya kuma nuna cewa waɗannan zakuna sun fi kusanci da zakunan Indiya fiye da na kudancin Afirka, don haka idan suka ƙare, ba za a cike gurbinsu da na ko'ina ba. An daɗe ana zaton damisa ta ƙare a Yankari, sai a 2017 wata kyamara da aka ɗaure a daji ta ɗauki hoton namiji guda. Raƙumin dawa da kyarkeci da dari kuwa sun ɓace daga dajin. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa 49 ne suka rage a 1996. An riƙa gane su ɗaya bayan ɗaya ta zanen jikinsu, aka kare su, har suka haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai.

Aikin malami da ɗalibi

Makarantar da za ta kai ziyara ba ta buƙatar kaya masu tsada. Littafin rubutu da fensir sun wadatar, in da hali a ƙara da madubin hangen nesa. Kowane ɗalibi ya rubuta rana da lokaci da wuri, da adadin dabbobin, da maza nawa, mata nawa, 'ya'ya nawa. Ya zana ƙahon kafin ya sa suna. Abin da bai tabbatar ba ya rubuta siffarsa kawai, domin sunan kuskure ya fi rashin suna ɓarna a wajen ƙidaya.

Kafin tafiya, yana da kyau ɗalibai su tambayi dattawan garinsu da tsofaffin maharba sunayen namun dajin da suka sani da ƙuruciya, irin su mariya da kwanta-rafi da makurna, da inda ake samunsu a da. Idan aka kwatanta wannan jeri da abin da aka gani a Yankari, ajin zai ga da idonsa abin da ƙasarsu ta rasa, da abin da ya rage a tsare.