Tururuwar Itace da Yadda Ake Kiwonta

Masu faskare a Bagudo da Illo da Lolo sun saba da wannan: a sari ruɓaɓɓen kututturen ɗorawa ko kaɗanya, sai ga manyan tururuwa sun watse, kowace da farin ƙwai a baki. Sau da yawa laifin gara ake ɗora musu, alhali ba sa cin itace. Rarake shi suke yi su zauna, su turo garinsa waje. Gara kuwa cinyewa take, ta lulluɓe hanyarta da laka.

Masana na kiran wannan dangi Camponotus, kuma nau'o'insa sun haura 1,000 a duniya. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yawan gani a ƙasashenmu ita ce maculatus, wadda Fabricius ya bayyana a 1782: ruwan zuma ce mai ɗigo-ɗigo a ciki, da dare take yawo, kuma har ƙarƙashin dutse tana gida. Duba ƙugunta, siriri ne mai ƙulli ɗaya tak. Ma'aikatan gida ɗaya ba kansu ɗaya ba, akwai ƙanana, akwai masu ƙaton kai. Ba ta harbi irin na cinnaka. Cizo take ta fesa ruwa mai raɗaɗi. Kada a haɗa ta da jar tururuwar da ke ɗinke ganyen mangwaro, wadda bincike a Benin ya nuna tana rage ɓarnar ƙudan 'ya'yan itace. Waccan a bar ta a bishiyarta.

Kiwo daga sarauniya yake farawa. Wanda ya kwashi ma'aikata ɗari ba ita, mutuwarsu kawai zai zauna kallo, kuma fasa gida sukutum don nemanta ɓarna ce da ban yarda da ita ba. A jira ruwan farko na damina. A daren ne masu fiffike ke fita barbara, su taru gindin fitila. Wadda ta karkaɗe fikafikanta tana tafiya a ƙasa, mai kaurin ƙirji, ita ake nema.

A sami siririyar kwalba irin ta gwajin jini, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a danna auduga har ta taɓa ruwan, a sa sarauniyar, a toshe bakin da busasshiyar auduga. Sai a ajiye a duhu, a ƙyale ta. Ba ta buƙatar abinci tukuna, da naman ƙirjinta da a da yake kaɗa fikafikai take ciyar da 'ya'yan fari. Yawan leƙe kan firgita ta har ta cinye ƙwanta. Bayan kamar wata biyu ƙananan ma'aikata za su fito, a fara ba su ɗigon ruwan zuma da ɗan guntun fara.

Idan kwalbar ta cika, a haɗa ta da akwatin roba mai guntun itace da aka rarake. Lokacin hunturu a riƙa jiƙa gefe ɗaya na gidan, a zafin Afrilu kuma a nesanta shi da rufin kwano.