Tsiron Dawa: Daga Burukutu Zuwa Kunun Zaki

A ƙauyukan ƙasar Kano, tsirar da hatsi tsohon ilimi ne na mata. Akan jiƙa dawa kwana ɗaya, a tsane ta, a baza a inuwa a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har kwana uku ko huɗu. Idan ta fito da tsiro sai a shanya a rana, a niƙa. Sirrin shi ne, tsiron yana mayar da sitacin ƙwayar ya koma sukari.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Matan Maguzawa sukan dama garin, su tafasa shi a manyan tukwane, su tace. In ya huce, su zuba ragowar tsohuwar giya, su bar shi kamar kwana biyu, sukarin ya zama barasa. Wannan ita ce burukutu, abin shan gayya da bukukuwansu. A gidan Musulmi kuwa, ɗan tsiro ake zubawa cikin kunu don ya yi zaƙi, a shanye a ranar kafin ya juya.

Turawa da sha'ir suke yin nasu tsiron. Da gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi a 1988, masana'antu suka koma ga dawarmu. Shari'ar da Kano ta ƙaddamar a 2000 ta haramta giya, amma tsiro halal ne. Ya kamata malamai a Rijiyar Zaki da kewaye su nuna wa ɗalibai yadda ake yin sa, kafin sukarin kanti ya mantar da mu.