Rangwamen ma'aikata a hayar mota

Rangwamen ma'aikata ragi ne da kamfanin ƙera motoci yake yi wa ma'aikatansa da iyalansu a kan farashin sabuwar mota. A tsarin hayar mota ta dogon lokaci, inda mutum yake riƙe mota shekara 2 ko 3 yana biya wata-wata sannan ya mayar, wannan ragi yana sauke kuɗin wata fiye da yadda yake sauke farashin motar. Tsarin ya fi kafuwa a Amurka. A Najeriya kuwa, gatan da ma'aikaci yake samu ya fi zuwa daga gwamnati ko wurin aikinsa.

Yadda ake lissafin haya

Mai haya ba ya biyan kuɗin mota gaba ɗaya. Abin da yake biya shi ne darajar da motar za ta rasa a hannunsa, da ribar mai ba da haya, da haraji. Tun ranar ƙulla yarjejeniya ake ƙiyasta abin da motar za ta kai a ƙarshen wa'adi, kuma yawanci a kan farashin kamfani ake yin wannan ƙiyasi, ba a kan farashin da aka yi ragi ba. Saboda haka duk ragin da aka samu yana fita ne daga kason da mai haya zai biya.

Misali, a ce farashin mota naira miliyan 36 ne, aka ƙiyasta za ta kai miliyan 18 bayan wata 36. Tazarar miliyan 18 ce, wato naira 500,000 a wata kafin a ɗora riba. Idan ma'aikaci ya samu ragin kashi 5 cikin 100, farashin ya koma miliyan 34.2, tazarar ta koma miliyan 16.2, kuɗin wata ya zama naira 450,000. Ragin kashi 5 a farashi ya zama ragin kashi 10 a wannan ɓangare na biyan wata.

Garaɓasar kamfanoni

Ban da rangwamen ma'aikata, kamfanoni suna yin garaɓasa iri uku don su fitar da motocin da suka yi kwantai: su cire wani kuɗi daga farashi, ko su rage kuɗin ruwa, ko su ɗaga darajar da aka ƙiyasta wa motar a ƙarshen haya. Na ukun yana rage kuɗin wata, amma wanda yake da niyyar sayen motar bayan wa'adi zai tarar da ita da tsada. Ba kowane lokaci ake yarda a haɗa rangwamen ma'aikata da garaɓasa ba. Wannan ya danganta da sharuɗɗan kamfani.

Tarihi a Amurka

Kamfanonin General Motors da Ford da Chrysler sun daɗe suna sayar wa ma'aikatansu da waɗanda suka yi ritaya motoci a farashi na musamman. A watan Yuni na 2005, General Motors ya buɗe wa kowa da kowa wannan farashi, sannan Ford da Chrysler suka bi sahu a watan Yuli. Ciniki ya yi sama a waɗannan watanni, amma ya faɗi bayan an rufe shirin, domin da yawa daga masu sayen sun gaggauta ne kawai don kada garaɓasar ta wuce su. Yawan ragi kuma yana karya farashin motocin hannu, abin da ke sa kamfanonin haya su rage ƙiyasinsu a yarjejeniyoyin gaba, kuɗin wata ya sake hawa.

A Najeriya

Bashin mota ga manyan ma'aikatan gwamnati ya samo asali tun zamanin mulkin mallaka. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 da buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, Peugeot 504 ta zama motar ma'aikata da ofisoshin gwamnati. A 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, aka rage saya wa jami'ai motocin ofis, aka koma ba su kuɗi ko bashi su sayi nasu.

Dokoki biyu ne suka fi shafar wannan harka. Dokar saye ta hanyar haya ta 1965 ta hana mai mota ƙwace ta ba tare da umarnin kotu ba, muddin wanda ya karɓa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗinta. Dokar hayar kayan aiki ta 2015 kuma ta tanadi yi wa yarjejeniyoyin haya rajista.

A Arewa, mutane da yawa suna gudun kuɗin ruwa, don haka bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank na 2019, suke amfani da murabaha da ijara. A ijara banki ne yake sayen mota ya ba da ita haya, mallaka kuma ta koma hannun mai haya bayan ya gama biya. A nan ragin ba ya ninkuwa kamar a hayar Amurka, tunda kuɗin motar duka za a biya. Ragin kashi 5 yana nan a kashi 5.

A ƙasar Ruma

A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, masu albashi galibinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa sabuwar mota ta yi musu nisa, ganin cewa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Abin da aka fi sani shi ne babur ko motar hannu da ake saya da adashi ko bashin ƙungiyar ma'aikata, ana cirewa daga albashi. Direbobin haya kuma sukan karɓi mota ko Keke Napep su riƙa kawo balas har su fanshe ta. A irin wannan ciniki farashin yakan zarce na kuɗi hannu, wato ƙari ake yi maimakon ragi.

Abubuwan lura

Kafin a sa hannu ana duba jimillar abin da za a biya tare da kafin alƙalami, ba kuɗin wata kaɗai ba. Hayar dogon lokaci takan ƙayyade tafiyar shekara, a Amurka tsakanin mil 10,000 zuwa 15,000, kuma ana cin tarar wanda ya zarce ko ya mayar da mota da lalacewa, abin da ya shafi mai bin hanyoyin karkara. Ana kuma duba wanda zai ɗauki nauyin inshora da gyara, da abin da zai faru da motar idan ma'aikaci ya bar aiki ko albashi ya yi jinkiri kafin wa'adi ya cika.