Shin Ko Kun San? Rigimar Kofi Tsakanin Makarantun Gwamnati da na Kuɗi a Amurka

Shin ko kun san cewa a Amurka daren Juma'a na 'yan sakandare ne? Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Nuwamba, gari kan tashi kacokan ya nufi filin makaranta don kallon ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ake runguma a ruga da ita kamar zari-ruga, 'yan wasa sanye da hular kwano. Samari kusan miliyan ɗaya ke buga ta. Babu kofin ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da hukumarta da kofinta, kuma a zagayen sili-ɗaya-ƙwale ake fitar da zakara. A nan ne aka shekara da shekaru ana kai ruwa rana: makarantun gwamnati da na kuɗi su nemi kofi ɗaya, ko a raba musu?

Shin ko kun san tushen rigimar iyaka ce? Makarantar gwamnati a can, galibi yaran yankinta kaɗai take ɗauka. Wanda Allah Ya kawo unguwar, shi ne ɗan wasanta, ƙato ne ko siriri. Makarantar kuɗi kuwa ba ta da shinge. Tana iya karɓar yaro daga ko'ina a birni, har daga wata jihar, wani lokaci ta haɗa masa da tallafin karatu. Ɗaya tana kamun kifi a kududdufi, ɗaya a kogi, sannan a ce su gwada wa ya fi kamu.

Shin ko kun san akwai makarantar da ta ci wasa 151 a jere? De La Salle ce, makarantar kuɗi ta Katolika, a garin Concord na jihar Kalifoniya, ƙarƙashin koci Bob Ladouceur. Daga 1992 ba ta san ɗacin kaye ba sai a 2004. A jihar Nebada kuma, Bishop Gorman ta birnin Las Vegas ta ɗauke kofin jiha sau goma a jere, daga 2009 zuwa 2018.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na 2016 ne, a garin Everett na jihar Washintan. Makarantar kuɗi ta Archbishop Murphy ta buga wasanni uku na farkon kaka, ta tara maki 170, abokan karawarta ba su samu ko ɗaya ba. Daga nan makarantu biyar suka ce ba za su fito fili ba, a ba ta wasan kawai. Ba raki ba ne. Iyaye ne suka dubi girman waɗancan samari, wasu sun haura kilo 130, suka dubi 'ya'yansu, suka ce ba da su ba. A wasan da ake karo da ƙirji, bambancin ƙarfi ba ya tsayawa a allon maki, yana iya kai yaro asibiti. Duk wanda ya haifa zai fahimci waɗannan iyaye.

Shin ko kun san maganar ta je Kotun Ƙolin Amurka har sau biyu? A 1997 kocin makarantar kuɗi ta Brentwood Academy a jihar Tenesi, Carlton Flatt, ya aika wa wasu yara wasiƙa yana gayyatarsu atisaye tun ba su fara karatu a makarantar ba. Hukumar wasannin jihar ta ce wannan zawarcin 'yan wasa ne, ta ci makarantar tarar dala 3,000, ta hana ta neman kofi shekara biyu. Makaranta ta garzaya kotu. A 2001 Kotun Ƙoli ta ce hukumar tamkar reshen gwamnati take, don haka ana iya tuhumarta da take haƙƙi. A 2007 kuma ta ce dokar hana zawarci ba ta tauye 'yancin faɗar albarkacin bakin kowa ba. Shekara goma ana shari'a a kan wasiƙa! Yau a Tenesi makarantun kuɗi rukuninsu daban, kofinsu daban.

A Teksas tun asali gida biyu ne. Hukumar UIL, wadda ta samo asali a 1910, ta makarantun gwamnati ce. Na kuɗi suka kafa tasu, TAPPS, a 1978. Sai a 2003 aka buɗe wa makarantun Katolika biyu ƙofar shiga UIL, ɗaya a Dallas, ɗaya a Houston.

A Luwiziyana shugabannin makarantu ne suka kaɗa ƙuri'a a Janairun 2013, bayan sun gaji da ganin makarantun kuɗi irin su John Curtis da Evangel suna kwashe kofuna. Aka raba gasar gida biyu. Sakamakon? Kofuna biyar suka koma tara a jiha guda. Kowa ya samu abin ɗagawa, amma tambayar da mai kallo ya fi so, wato wa ya fi kowa, ta rasa mai amsa ta.

Shin ko kun san wasu jihohin lissafi suka kama maimakon rabuwa? Da yake yawan ɗalibai ake dubawa a sa makaranta a rukuni, sai suka ce a riɓanya na makarantar da ba ta da iyaka. Alabama ta fara a 1999, tana lissafa kowane ɗalibi a matsayin 1.35. Ilinoi ta ɗauki 1.65 a 2005. Ke nan makaranta mai ɗalibai 600 za a ɗauke ta tamkar mai 990, a tura ta cikin manya. Illar wannan a fili take: akwai ƙananan makarantun coci da ko 'yan wasa ba su cika samu ba, amma sandar da aka ɗaga don gagarau ita ke sauka a kansu. Haka ma in an raba gasar, su ake kullewa ɗaki ɗaya da zakuna.

To, ga wani abin da masu kiran a raba ba su cika faɗa ba. Shin ko kun san wadda ta kawo ƙarshen cin De La Sallen nan makarantar gwamnati ce? Bellevue ta jihar Washintan ce ta doke ta da ci 39 da 20. Ita wannan Bellevue, a 2016 aka hukunta ta bayan bincike kan karya dokokin ɗaukar 'yan wasa. A garin Allen na Teksas kuma, makarantar gwamnati ce ke da filin wasa na kusan dala miliyan 60 mai cin mutum 18,000, wanda aka buɗe a 2012. Ita da makarantar talakawan ƙauye duk sunansu "na gwamnati", amma tsakaninsu kamar sama da ƙasa.

Shi ya sa tsarin jihar Indiyana ya fi kwanta mini. Su ba sa tambayar wa ke da makaranta, abin da ta yi a fili suke dubawa. Kowane mataki na gasa da makinsa, ɗaukar kofin jiha maki huɗu ne. Makarantar da ta tara maki shida cikin shekara biyu sai ta hau rukuni na gaba, ta gwamnati ce ko ta kuɗi. Ba a rasa masu ƙorafi ba, domin ƙannen da suka biyo baya ke biyan bashin nasarar yayyensu da suka riga suka gama makaranta. Duk da haka, a ganina ya fi raba gasa adalci, ya kuma fi lissafin riɓanya ɗalibai, domin wanda ya fi ƙarfin sa'o'insa kaɗai yake taɓawa.