Maganin Kitsen Jini Da Gurbin Haƙori

Kowa ya sani in an cire haƙori, dasashi yakan rufe cikin 'yan makonni. Amma ƙashin muƙamuƙi da ke ƙarƙashi yakan yi ta zaizayewa, har cikin shekara guda faɗinsa ya ragu da wajen rabi. Ran da aka zo dasa sabon haƙori, sai a tarar ba wurin kafa shi.

To, ga abin mamaki. Akwai magani da ake ba masu yawan kitse a jini don tsare zuciya, sunansa sitatin. Wani mutumin Japan, Akira Endo, shi ya fara samo shi daga funfuna a 1973. A 1999 kuwa, Gregory Mundy da abokan aikinsa a Amurka suka ga yana sa ƙashin ɓeraye ya ƙaru. Daga nan likitocin haƙori suka shiga kwaɓa shi suna cusawa cikin gurbin. Sau da dama ƙashi ya fi cika, sai dai waɗanda aka gwada wa ba su da yawa, kuma in maganin ya zarce, wurin yakan kumbura.

Kada wani a Galtimari ya ji wannan ya ruga kemis. Ƙwayar da aka haɗiye, hanta ke tare yawancinta, abin da ke isa muƙamuƙi bai taka kara ya karya ba. Gudan jinin nan da ke cikin gurbin, a kansa sabon ƙashi ke ginuwa. Saboda haka ranar farko ban da kurkure baki da ƙarfi, ban da shan taba.