Ɗaga Ƙarfe a Hunturu: Gaskiya da Jita-jita a Filayen Garwa

Da zarar iskar hunturu ta sauko kan kogin Binuwai a Disamba, sai samari su cika filaye da sassafe, tun daga Pitowa har kewayen filin Roumdé Adjia. Sun zaɓi lokaci mai kyau, domin idan Maris da Afrilu suka kama, zafin Garwa kan haura digiri 40, atisaye mai nauyi ya gagara. Abin damuwa shi ne maganganun da ke yawo a bakin fili.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai ɗaga ƙarfe na tsumbure yaro. Ba haka ba ne. Tsawo yana bin gado ne da abinci da lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, cewa ta yi 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa yin abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Inda ake samun rauni shi ne yaro ya sunkuci gwangwanayen siminti da suka fi ƙarfinsa don ya burge abokai, ba babba a kansa. Ya fara da nauyin jikinsa, tsugunawa da tashi da tsalle, a ƙara masa kaɗan-kaɗan, tsokar da ta sha aiki yau kuma a bar ta ta huta gobe. Iyaye su bar hana yara, su nema musu mai koyarwa.

Ana kuma cewa ƙarfe na sa ɗan ƙwallo nauyi. Gudu daga ƙarfin cinya da ƙugu yake fitowa. A dubi Vincent Aboubakar, wanda ya tashi a ƙungiyar Coton Sport: ƙirar jikinsa ba ta hana shi cin ƙwallo 8 a gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022 ba. Batun tsoka ta koma kitse idan an daina kuwa, ba ya yiwuwa; tsokar ke raguwa, mutum kuma ya ci gaba da cin tuwonsa yadda ya saba.

Akwai inda mutane suka yi gaskiya. Jikin da bai ɗumama ba ya fi saurin tsagewar tsoka, don haka minti 20 na ɗumama jiki, irin tsarin FIFA 11+, ba ɓata lokaci ba ne. Ƙura ma tana tayar da tari da asma. Ranar da hazo ya rufe gari a bar dogon gudu. Amma kar rashin ganin zufa ya ruɗi kowa ya ƙi shan ruwa, busasshiyar iska ce ke shanye ta tun ba ta gangaro ba.

Jita-jitar da ta fi ci mini rai ita ce ta tiramol, wai yana ƙara ƙarfi. Maganin ciwo ne, ba ya gina tsoka ko ɗaya. Yana rufe zafin da ya kamata ya tsayar da yaro, sai ya ci gaba da taka ƙafar da ta yi targaɗe, ga jaraba, ga jijjiga irin ta farfaɗiya idan an sha da yawa. Tun 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa, kuma ɗan wasan da gwaji ya nuna shi a jikinsa yana iya fuskantar dakatarwa.